Psxitarch a kan PS4: kwamfuta ce, amma sai da haƙuri

Psxitarch nau'i ne na Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da aka gina a kan wani nau'in Linux mai suna Arch domin PlayStation 4. Sharaɗinsa na farko shi ne manhajar cikin na'urar ta kasance wadda ake iya buɗewa, wato a cire mata takunkumin Sony (jailbreak), kamar siga ta 9.00. In an riga an sabunta ta zuwa ta ƙarshe, a haƙura.

Ana zuba fayiloli uku a filashi mai tsarin FAT32: bzImage, initramfs.cpio.gz da psxitarch.tar.xz. A nemi filashin USB 3.0 na aƙalla 16GB, kuma a kwashe duk abin da ke ciki tukuna, domin girkawar za ta shafe shi tas.

Inda aka fi cin tuntuɓe shi ne bzImage, wato fayil ɗin da ke ɗauke da zuciyar Linux (kernel). Dole ya dace da guntun lantarki (chip ɗin southbridge) da ke cikin na'urar, Aeolia ne, Belize ko Baikal. In bai dace ba, allo baƙi ƙirin za ka gani, ko filashin ya ƙi motsi. Wani lokacin laifin talabijin ne, sai a gwada wani allon.

Da Psxitarch ya tashi, lilo a intanet da wasannin tsofaffin na'urori suna tafiya sumul. Sai dai Jaguar mai 1.6GHz, wato ƙwaƙwalwar na'urar (processor), ba ya jure aiki mai nauyi, kuma duk lokacin da wuta ta ɗauke sai ka sake buɗe na'urar daga farko.