Gargaɗi ga masu neman sabon shago a Maradi: riƙe mabuɗi ba shi ne mallaka ba

Jama'a, assalamu alaikum. Duk mai shirin tashi daga shagonsa ya koma wani a cikin garin Maradi, ko wanda mai gida ya ba wa'adi, ya karanta wannan kafin ya miƙa wa kowa ko dala. Akwai ƴan damfara da suka mai da ƴan kasuwa masu ƙaura abincinsu, kuma ba sa zuwa da kamannin ɓarayi. Da wankakkiyar shadda suke zuwa, carbi a hannun dama, mabuɗi a hagu.

Sun san inda ke yi mana ciwo. Ɗan kasuwa ya fi tsoron rufe shago kwana uku a kan ƙarin kuɗin haya. Mai sayen da ya taso daga Tibiri ko Madarunfa ran Litinin ya tarar da kwaɗo a ƙofarka ba zai jira ka ba, shagon maƙwabcinka zai shiga, ran Juma'a ma can zai koma. Shi ya sa maganarsu ta farko kullum ɗaya ce: "Alhaji, ko yini guda ba za ka rufe ba. Yau ka biya, gobe da safe ka buɗe."

Abin yakan fara ne daga hotuna da saƙon murya a wani zauren WhatsApp: shago a bakin kwalta, wajen Zariya ko Ali Ɗan Sofo, da mangaza a baya, haya da sauƙi. Ka kira, mutum ya zo ya ɗauke ka a babur, ya sa mabuɗi ya buɗe ƙofa a gabanka. Ga sabon fenti yana wari, ga fanka tana juyawa. A nan hankalin mutane da yawa ke kwanciya. Idan ka tambayi mai wurin, sai a ce ya tafi Kwatano ɗauko kaya, ko yana Umra, "ni ne wakilinsa". Har waya za a haɗa ka da wani dattijo mai tari da yawan salati, ya ce duk abin da yaron nan ya faɗa maganarsa ce. Kafin ka gama tunani an ƙara maka wuta: wai wani daga Ɗan Isa zai kawo kuɗi bayan la'asar, amma an fi son kai don an san gidanku. Sai a nemi hayar wata shida da la'ada, a tura ta waya, kuma sunan da zai karɓa daban ne, wai ƙanen Alhaji.

Ina ya samo mabuɗin? Wani lokaci shi kansa ɗan haya ne da wa'adinsa ya kusa cika. Wani lokaci mai gadi ne, ko wanda aka ba aikin fenti. A ce hayar jika 40 ce a wata. Wata shida jika 240 ke nan. Ya karɓa daga mutum uku, ya haɗa jika 720, ya kashe waya. Ranar shiga sai ku haɗu ku uku a ƙofa ɗaya, kowa da rasit ɗinsa na hannu, ga mai wurin na gaskiya yana tambayar ku ko lafiya.

Ni abin da ya fi ba ni haushi ba kuɗin ba ne. Suna matsa wa mutum ya mayar da tsohon shagonsa tun kafin ya shiga sabon, wai don kada ya biya haya biyu. Na ga wani mai sayar da atamfa da leshi a layinmu da aka yi wa haka. Ya sallami mai gida da safe, da yamma wani ya riga ya kama wurin, shi kuma ya kwana da bandir-bandir na kaya jibge a zauren gidansa, an lulluɓe da tamfol, yara na tsallakawa. Ba tsuntsu, ba tarko.

Akwai kuma maganar mota. Wasu sukan ce suna da motar kaya da ƴan dakonsu, a kwashe da dare don kada ciniki ya tsaya. Kwashe kaya da dare ba laifi ba ne, ƴan kasuwa da yawa haka suke yi. Amma motar da ba ka san direbanta ba, ba ka rubuta lambarta ba, kada ta tashi ba tare da ɗanka ko yaron shagonka a ciki ba. A ƙirga kwali da buhu a rubuce wajen lodi, a sake ƙirgawa wajen saukewa. Ƴan dakon da ka saba da su a kasuwa sun fi, ko da za su ƙara maka ɗan wani abu.

Ta fuskar doka, Nijar tana cikin OHADA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokokin kasuwanci iri ɗaya, kuma dokar kasuwanci da aka sabunta a Lome a 2010 ta hana ɗan haya ya ba wani hayar shagon, sai idan yarjejeniyarsa da mai wurin ta ba shi wannan dama. Ke nan ko mutumin da gaske yana zaune a shagon, zamansa bai ba shi ikon karɓar kuɗinka ba.

Saboda haka sai ka ga mai wurin ido da ido. In da gaske ba ya gari, a nuna maka takardar wakilci, ka kuma nemi lambarsa daga wani bakin daban, ba daga dillalin ba. Tambayi masu shagunan gefe, tambayi mai shayin bakin layi, je wurin mai unguwa. Ka duba takardar mallakar wurin, ka haɗa sunan da ke ciki da na katin shaida. Ka ga takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, domin bashin da ke kan mita kai zai hana wa haske, kuma sha'anin mita a ofishin NIGELEC ake yin sa, ba a hannun wani mai cewa ya san mutane a ciki ba. A rubuta yarjejeniya da shaidu, kuɗi ya shiga hannun mai sunan. Tsohon shago kuwa ka riƙe shi ko da wata guda ne, ka manna takarda a ƙofa mai nuna sabon wurin da lambar wayarka, yaro ya zauna yana kwatanta wa masu zuwa.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Kada ya goge saƙonnin murya, ya ajiye shaidar tura kuɗin da lambobin da aka kira shi da su, ya kai komisariya ko jandarmomi tun da wuri. Ku tura wa ƴan'uwa na babbar kasuwa da na unguwanni, musamman waɗanda ba sa karatu, a karanta musu.