Sharhi kan gyaran bodi da fentin Dodge Charger ta 1969: fenti ya yi kyau, amma yashi ya ci rufi

Idan fenti kaɗai za a duba, garejin nan na jihar Ohio da ya yi mini aikin Dodge Charger ta 1969 ya cancanci yabo. Shuɗin ya kwanta sumul, layukan gefen motar sun fito a miƙe, ƙofofi kuma da yatsa biyu ake rufe su. Sai dai ƙiyasin dala 34,000 aka yi mini, na ƙare da biyan dala 56,595, kuma a cikin ƙarin akwai kuɗin ɓarnar da ba tsatsa ce ta yi ba, hannun mutum ne.

A nan Amurka ba kasafai ake yin jinga irin ta masu gyaran bodi na gida ba. Awa ake ƙirgawa, tasu dala 95 ce, kuma tun farko sun rubuta cewa ƙiyasin motar da ba a kankare ba hasashe ne kawai. Wannan gaskiya ce, ban da ja. Motar da ta sha gishirin da ake barbaɗa wa titunan yankin nan lokacin ƙanƙara, ga ledar da aka lulluɓe rufinta da ita tun daga kamfani, dole a tarar da tsatsa. Duk wanda ya san Charger ta 1968 zuwa 1970 ya san inda ciwonta yake. Gilashin baya a lume yake tsakanin fikafikai biyu na rufi, ruwa ya taru a kusurwoyin ƙasa, ya ci ramin gilashin, ya ci fallen da ke tsakanin gilashi da murfin but, ya sauka cikin but ya ruɓar da ƙasansa. Motar kuma ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai, don haka ba a yi wa tsatsarta kwalliya a wuce. Da suka ce aikin ƙarfe ya kai awa 170, ko uffan ban ce ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne kankarar.

Garejin ba shi ke wanke bodi da yashi ba, wato harba masa yashi da iska don cire fenti da tsatsa, wani suke kai wa, dala 2,200. Ƙa'idar aikin sananniya ce. Ƙarfen jikin motocin zamanin kaurinsa kusan milimita 1 ne kawai, saboda haka faffaɗan wurare irin su rufi da bonet da murfin but da fatar ƙofa ba a harba musu yashi. Ana cire musu fenti ne da maganin kankara ko da injin samfefa mai lamba 80, sannan a harba garin kwalba da iska mai sauƙi, a karkace kuma daga nesa, a ƙasan mota da bakin ƙofofi da ramin gilashi da sauran lunguna masu ƙwari. Wanda aka kai wa motar ya yi mata abin da ake yi wa shasin tirela: yashi, iska a buɗe, bakin tiyo a miƙe. Mutane da yawa suna ɗauka zafi ne ke lanƙwasa ƙarfen, alhali mafi yawan ɓarnar daga bugun take. Kowace ƙwaya tana dukan fuskar fallen tana buɗe ta, fuskar ciki kuwa tana nan yadda take, sai fallen ya rasa inda zai kai rarar, ya kumbura ya yi laushi.

A ido ba a ganin komai, domin ƙarfen da aka wanke toka-toka yake, ba ya ɗaukar haske. Sai ka ɗora babban yatsa a tsakiyar rufin ka danna kaɗan, ya lotsa da ƙara, ka ɗaga ya dawo, kamar murfin gwangwanin madara. Haka yake a wuri uku tsakanin ƙarafan da ke tallafe da rufin daga ciki. Bonet kuwa, idan ka shafa tafin hannu a kai, kana jin zanen ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya fito sarai, inda yake da madogara ya tsaya, inda ba shi da ita ya faɗa.

Irin wannan ba a rufe shi da fila. Fallen da ke motsi zai tsaga duk abin da aka shafa masa, ko ba bana ba. Dole a tsuke ƙarfen: a ɗumama wurin da ya kumbura da faifan gogawa, a sanyaya shi nan take da jiƙaƙƙen tsumma, a bi da guduma da madogari, a sake. Bonet ya ci awa 8 ya dawo daidai. Rufi ya ci awa 20 bai dawo ba, ana tsuke nan can yana sakewa. Daga ƙarshe suka yanke shawarar sauya fatar rufin gaba ɗaya: a huda ɗigon waldar kamfani ɗaya bayan ɗaya a kewayen gilashin gaba da na baya da magudanar ruwan gefe, a narkar da darmar da kamfani ya cike haɗin rufi da ita, a ɗora sabuwa. Awa 18 ke nan, da dala 1,050 na fatar da kuɗin babbar motar da ta kawo ta. Jimla awa 46, kuma duka suka sa a takardar biya ba tare da wani bayani ba, a ƙarƙashin layin gyaran rufi da bonet.

Hujjar mai garejin ita ce rufin da ya daɗe a ƙarƙashin leda dama sai an sauya shi. Ba haka ba ne a wannan motar, kuma hotunan da su da kansu suka ɗauka ranar da aka ɗaye ledar sun nuna. Tsatsar tana bakin magudanar ruwa ne da gindin fikafikan baya, faci biyu ko uku masu faɗin tafin hannu sun isa. Tsakiyar rufin lafiya lau take kafin yashi. Bayan doguwar magana suka cire awa 20 ɗin da aka ɓata wajen tsukewa, suka bar mini sauran 26 da kuɗin fatar, dala 3,520. Ni a wurina ko sisi bai kamata ya hau kaina ba. Su suka zaɓi mai yashin, su suka kai motar, kuma ko ɗan sitika ba su manna a rufin ba don a san ba a taɓa shi. Rufin asali da ya yi shekara sama da 50 a kan motar kuma ya tafi ke nan. Ga wani ƙari: bodin ya yi fiye da mako guda tsirara kafin a fesa masa ifoksi, wato shafin farko mai hana tsatsa, abin da ya kamata a yi cikin kwana ɗaya, har jan tsatsa ya fara fitowa inda aka dafa da hannu, sai da aka sake gogewa.

Zan faɗi gaskiya kan mai waldarsu, domin shi ya sa ban kwashe motar ba. Kafin ya yanke komai sai da ya sauya fil da bushin na hinjin ƙofofi, ya daidaita ƙofa da tsohon gefen baya, ya walda ƙarafan tokari a bakin ƙofa da cikin but don kada bodin ya karkace. Gefe ɗaya ya fara yankewa, ya bar ɗayan yana awo da shi. An sauya gefen baya duka biyu, da marufin taya na waje, da ƙasan but, da fallen bayan gilashi, da kusurwoyin gilashin, da rabin daɓen gaba. Fallayen da ake bugawa yanzu ba sa zama daidai daga kwali, kowanne sai an ɗora, an kama da ƙusoshin wucin gadi, an cire, an rage, an mayar. Inda ake haɗa falle da falle a fili, baki da baki ya haɗa su, bai ɗora wani kan wani ba, domin ɗorawa tana riƙe danshi kuma layinta yana fitowa ta cikin fenti idan rana ta buga. Ɗigo ɗigo yake walda, yana tsallakawa, yana barin ƙarfe ya huce. Ka leƙa ta cikin but da tocila, da ƙyar za ka gane inda aka haɗa. Ya kuma gwada gilashin baya da ƙarafan adonsa tun kafin a shafa fila, abin da gareji da yawa ke mantawa sai fenti ya bushe a tarar gilashi bai zauna ba.

Awa 140 na fila da guga su ne mutane suka fi ƙorafi a kai a irin wannan aiki, ni kuwa su na fi yarda da su. Gefen Charger dogo ne, ga layuka biyu masu kaifi da ke wuce juna a ƙofa, ɗan kuskure kaɗan shuɗi mai ƙyalli zai tona shi. Tazarar ƙofa da bonet da but sun tsayar da ita a milimita 4 zuwa 5 ko'ina. Fila a kan ifoksi suka shafa, kuma na'urar awon kauri ba ta nuna inda ya kai milimita 3 ba. Sun goge da dogon katako, lamba 80 sannan 180, suka fesa firaima mai kauri, suka barbaɗa baƙar hoda don ramuka su bayyana, suka sake gogewa da 180 da 320, sannan firaima ta biyu da 600. Sun bar firaimar ta yi makonni kafin gugar ƙarshe don ta gama tsukewa. Wanda ya yi gaggawa a nan, bayan wata shida zai ga sawun samfefa yana fitowa ta ƙarƙashin fenti.

Launin shi ne B5, shuɗi mai ƙyalli, kamar yadda yake a ɗan allon ƙarfen da ke ɗakin inji. A motocin Dodge da Plymouth na lokacin ɗakin inji launin jiki yake ɗauka, ba baƙi ba, don haka shi ma sai an gyara an fesa, da cikin but da bakin ƙofofi. Awa 45 ta tafi a nan. Sun fesa waje ƙofofi da madigadi suna ɗaure a jikin motar, shafi uku na launi da huɗu na kiliya, wato shafin sama marar launi mai ba da sheƙi, shi ya sa ƙyallin bai bambanta daga falle zuwa falle ba. Gogewa da ruwa da samfefa daga lamba 1000 zuwa 3000 da fitar da sheƙi awa 40. Kayan fenti gaba ɗaya dala 4,900, fallayen ƙarfe 5,600, kwance motar awa 30. Babu wanda zan ce an yi mini cuta a ciki.

Har na fara cewa a raina a bar maganar rufi, tunda aiki ya yi kyau. Sai aka zo saka robar bakin but.

A Charger ta 1969 kamfani ya buga wani ɓangare na lambar shaidar motar, wato VIN, a jikin bodi wuri biyu: a ƙarfen da ke riƙe da lagireto, da kuma leɓen but na gefen direba, a ƙarƙashin roba. Da waɗannan ake tabbatar da cewa bodin nan shi ne na lambar da ke gaban gilashi, kuma duk mai saye da ya san abin da yake yi sai ya ɗaga robar ya duba. Garejin da ya ce ya saba da waɗannan motoci ya san haka. Da suka sauya magudanar bakin but, sun yanke tsohuwar duka sun jefa a tarin ƙarafa, har da inda lambar take, kuma an riga an kwashe tarin. Wurin lambar ba shi da tsatsa. Aikin awa ɗaya ne a bar wannan ɗan tsawon a inda yake a haɗa sabon ƙarfe ta gefe da gefe. Ba wanda ya kira ya tambaya, ba wanda ya faɗa mini, ni na gano da idona.

Wannan ya dawo mini da ɓacin ran rufin sabo, domin cuta ɗaya ce. Hannu suna da shi, amma ba wanda ke tsayawa a kan motar daga farko zuwa ƙarshe ya ce wannan a taɓa, wannan a bari. Yashin ma bai gama fita ba. Ba su toshe ramukan dogayen ƙarafan ƙasa ba kafin harbi, ba su kuma juya bodin sun hure shi sosai ba, har yanzu idan aka buga ƙasan ƙofa da tafin hannu yana zubowa ta ramin fitar ruwa. Yashi a lungu danshi yake riƙewa, kuma kakin hana tsatsa da suka fesa a ciki a kansa ya kwanta. Sai an sa tiyon iska da injin zuƙa an fitar da shi, a sake fesa kakin.

Don haka wanda zai kai musu mota, waldarsu da fentinsu sun kai kuɗinsu, amma kada ya ba da kafin alƙalami sai an rubuta abu uku a takarda an sa hannu: rufi da bonet da murfin but da ƙofofi da hannu za a kankare su, ɓarnar duk wanda suka kai wa aiki a wuyansu take, kuma duk ƙarfen da aka yanke a ajiye shi har mai mota ya gani. A maganar lambar, mai garejin ya ce zai iya sa a buga wata a sabon leɓen. Na ƙi, domin lambar da aka sake bugawa ta fi rashinta jawo zargi wurin mai saye, kuma taɓa lambar mota abu ne da doka ke sa wa ido a ƙasar nan. Abin da na karɓa shi ne wasiƙa mai sa hannunsa da ke bayyana cewa su suka cire wurin a lokacin gyara, haɗe da hoton tsohon leɓen da lambar ke fitowa a ciki. Ta wurin lagireto tana nan, ita ba su taɓa ba.