Kafin Ka Sayi NAS: Wacce Ce Za Ta Dawo Maka da Bayananka?

Ranar da faifan kwamfutata ya fara ƙas-ƙas kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, hotunan shekara shida ne a cikinsa. Ina da kwafinsu a wani faifan da ke aljihun tebur, amma rabona da jona shi wata bakwai. Duk abin da na ɗauka a watannin nan bakwai ya tafi ke nan. Ajiyar da sai ka tuna kafin ka yi ta, wata rana mantawa za ka yi, kuma wannan ce matsalar da NAS ke magancewa: ƙaramin akwati ne mai faya-fayai da ake jonawa da rauta (na'urar da ke raba intanet a gida), kwamfutoci da wayoyi su riƙa tura masa kwafin bayanansu da kansu.

Ko dai ka sayi haɗaɗɗiya, ko ka haɗa da hannunka. A haɗaɗɗun, Synology da QNAP ne suka fi suna, dukansu kamfanonin Taiwan. Manhajar Synology, wato DSM, ta fi sauƙin sha'ani ga wanda bai saba ba. QNAP kuwa takan ba da ƙarfin inji da ƙofofin jona kebul fiye da takwararta, amma saitunanta na da yawa. Mai tsohuwar kwamfuta a ajiye zai iya mayar da ita NAS ta hanyar sa mata manhajar TrueNAS kyauta, muddin tana da aƙalla gigabait 8 na RAM, ko OpenMediaVault wadda ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi na iya ɗauka. Sai dai in ta lalace, kai ne makanike. Idan ba ka jin daɗin tone-tonen saituna, sayi haɗaɗɗiya ka huta.

Mai gurbin faifai ɗaya ban ba ka shawararta ba. RAID hanya ce ta haɗa faya-fayai su yi aiki tare. Mai gurbi biyu a tsarin RAID 1 tana rubuta komai sau biyu: faya-fayai biyu masu terabait 8 za su ba ka 8 ne kacal, amma ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Mai gurbi huɗu da irin waɗannan faya-fayan tana ba da terabait 24 a RAID 5 mai jure mutuwar ɗaya, ko 16 a RAID 6 mai jure mutuwar biyu. Ga yawancin gidaje da ƙananan ofisoshi, biyu sun wadatar.

Wajen faya-fayan ne mutane ke son tsimi, alhali araha ba ta ado. Akwai fasahar rubutu iri biyu, CMR da SMR. SMR tana ɗora layukan bayanai kan juna kamar jerin rufin kwano, don haka canza layi ɗaya kan tilasta sake rubuta maƙwabtansa. Ranar da ka sauya mataccen faifai, NAS ta shiga sake gina bayanai na sa'o'i ba hutawa, a nan SMR ke sarewa. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu faya-fayan WD Red na kamfanin Western Digital na amfani da SMR ba tare da an bayyana ba, daga baya kamfanin ya ware masu CMR da sunan Red Plus. Su, ko IronWolf na Seagate, ko N300 na Toshiba za ka nema, kuma ka duba jerin faya-fayan da NAS ɗin ke karɓa kafin ka biya.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, RAID mutuwar faifai kaɗai yake karewa. Ka goge fayil bisa kuskure, ya gogu a duka faya-fayan biyu nan take. Manhajar garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa ta kulle su, duka biyun sun kullu. Shi ya sa tambayar farko da zan yi kan kowace NAS ita ce, shin tana ɗaukar hoton yanayin bayanai lokaci-lokaci, yadda zan iya komawa jiya ko makon jiya? Tsarin adana fayiloli na Btrfs da ZFS duk suna yi, amma wasu ƙananan samfura ba su da shi. Wadda ba ta yi, na wuce ta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Yunin 2021 aka shafe bayanan masu My Book Live, wani akwatin NAS na Western Digital, ta intanet, shekaru bayan an daina sabunta manhajarsa. A Janairun 2022 manhajar garkuwa da bayanai ta DeadBolt ta kulle na'urorin QNAP da aka bari a buɗe ga duniya. Ka kashe UPnP a rauta (saitin da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa zuwa intanet), ka rufe asusun shugaba (admin) da na'urar ta zo da shi, in kana son shiga daga nesa ka bi ta manhajar da ke ba da keɓantacciyar hanya mai tsaro, irin su WireGuard ko Tailscale. Ka kuma duba shekara nawa kamfanin zai ci gaba da sabunta samfurin.

Gobara da ɓarawo ba ruwansu da RAID. Ƙa'idar 3-2-1 ta ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Na ukun zai iya zama ma'ajiyar intanet irin Backblaze B2, ko faifan USB da kake kaiwa wani gini. Ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu, tare da na batirin UPS mai kebul ɗin USB, wanda zai sa NAS ta kashe kanta lami lafiya in wuta ta ɗauke. Da kebul za ka jona NAS ɗin da rauta. Layi mai saurin gigabit ɗaya a daƙiƙa na kwashe terabait ɗaya cikin kusan sa'a biyu da rabi.

Bayan saye, ka saita ta ta riƙa binciken lafiyar faya-fayai duk wata, ta aiko maka imel in ta ga matsala. Ba a fafe gora ranar tafiya: ni duk wata uku nakan zaɓi tsohuwar jaka ɗaya, in dawo da ita kan wata kwamfutar, in buɗe hotuna biyar ko goma in ga sun buɗu da idona.