Kwana tara daga Kusko zuwa Arekifa: abin da kuɗinmu suka saya

Ni da uwargida mun daɗe muna tarin kuɗin wannan tafiya, shi ya sa muka ɗauki tsarin alfarma na wani kamfanin yawon buɗe ido: kwana tara a kudancin Peru, otal da mota da jagora da jirgin ƙasa mai ɗakin kwana, duk a kuɗi ɗaya. Bari in fara da inda suka ɓata mini rai.

Daga Lima, wadda ke bakin teku, suka ɗora mu a jirgin sama kai tsaye sai Kusko, garin da ya ɗara teku da mita 3,400. Tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Kafin la'asar kaina kamar ana sara da gatari, matakala goma in na hau sai na tsaya ina haki. Mutanen can soroche suke kiran ciwon, ƙarancin iskar kan tudu ke kawo shi. Otal ɗin sun kyauta, sun kawo shayin ganyen koka da tukunyar oksijin har ɗaki. Amma kwana biyu masu tsadar gaske a kwance na yi su, ginin duwatsun tsohuwar daular Inka ma a hotunan wayar uwargida na fara ganinsa. Daga baya jagoranmu ya raɗa mini cewa da ta Arekifa muka faro, mai mita 2,335, da jiki ya saba a hankali. To me ya hana ofishinsu faɗar haka kafin mu biya?

Jirgin ƙasan ne ya wanke su. Dare biyu muka yi a ciki, muka ratsa mashigar La Raya da ta haura mita 4,300, garkunan alfaka, wata dabba mai gashi dangin raƙumi, na kiwo a filin da ba bishiya ko ɗaya. Ruwan zafi bai taɓa yankewa ba, kuma wanda ya yi alwalar asuba a sanyin gaɓar tafkin Titikaka ya san darajar wannan. Sau ɗaya na ce ba ma cin naman alade, ba ma shan giya, ban sake maimaitawa ba. Kifin tafkin suka riƙa gasa mana, da miyar kinuwa, wata tsaba mai kama da gero, da dankali kala-kala. Maimakon giyarsu ta pisko, aka ba mu chicha morada, abin sha na masara mai launin shuni. Uwargida ta kurɓa ta ce, "Malam, ai wannan ƙanwar zoɓo ce."

Arekifa kuwa sai wanda ya gani. Sifaniyawa suka kafa ta a 1540, tsohon garin kuma an gina shi da farin dutsen da aman wuta ya bari, suna ce masa sillar. Duk lungun da ka leƙa, ga Misti, dutse mai aman wuta, can tsaye, mita 5,822, tamkar an kifa faifai a sararin sama. Gidan zuhudun mata na Santa Katalina, na 1579, gari ne a cikin gari, bangaye ja da shuɗi, lunguna ƙanana. Awa ɗaya kacal aka ware mana a ciki, wai mota na jira. Wannan ma ya yi mini ciwo.

Da muka dawo na rubuta wa kamfanin ƙorafina, suka aiko da godiya da tayin ragi a tafiya ta gaba. Uwargida ta ce in dai za a koma, a sauke ta Arekifa, ni in ƙarasa saman tudun ni kaɗai.