Sharhi Kan Wata Cibiyar Hoton Mama a Kano: Ranar da Aka Ce In Dawo

Sai da na cika shekara 46 kafin na taɓa tsayawa gaban na'urar mamogiram, wato na'urar ɗaukar hoton mama, kuma babu abin da ke yi mini ciwo a lokacin. Abin da ya kai ni shi ne rasuwar wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa, wadda ta ɓoye ƙullutun da ke mamanta fiye da shekara guda saboda kunya da tsoron wuƙar likita, har lokacin da aka kai ta asibiti abin ya riga ya yi nisa. A watan Oktoba, watan da duniya ta ware domin wayar da kai kan sankarar mama, wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta a cikin birnin Kano ta rage kuɗin gwajin, sai na yi amfani da damar. Ba zan ambaci sunanta ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma ina ganin ƙorafin ya shafi yadda ake mu'amala da mata a wurare da yawa irinta.

Zuwan farko ya gamsar da ni ƙwarai. Tun a waya aka shaida mini kada in shafa hoda, ko mai, ko turaren hammata, ko humra a ƙirjina ranar gwajin, aka kuma bayyana mini dalili, wato ɓurɓushin wasu daga cikinsu kan fito a hoto kamar fararen ɗigo-ɗigo, su rikita mai karantawa. An ba ni shawara in sa riga da zani maimakon doguwar riga, in kuma zaɓi makon da ya biyo bayan al'adata, lokacin da mama ba ta cika tsami ba. A ɗakin hoton mace ce ta karɓe ni, ta rufe ƙofa, ta tambaye ni ko ina da juna biyu ko ina shayarwa, da kuma ko akwai wadda ta taɓa yin wannan cuta a danginmu. Ta ɗauki hotuna huɗu, biyu a kowane ɓangare, ɗaya daga sama ɗaya kuma a karkace har zuwa hammata. Na'urar tana matse mama tsakanin faranti biyu, kuma tsakani da Allah akwai zafi, amma na 'yan daƙiƙu ne, ita kuwa ma'aikaciyar tana faɗa mini duk abin da za ta yi kafin ta yi shi. "Hajiya, ki ɗan riƙe numfashi, yanzu zan sake ki," in ji ta kowane karo, kuma ba ta taɓa saɓa wa maganarta ba. Cikin minti 20 na fito.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai a ranar. Zauren jira ɗaya ne ga kowa, maza masu jiran hoton ƙafa ko na ciki da mata masu jiran awo, kuma da layi ya zo kaina sai mai karɓar baƙi ta ɗaga murya ta kira sunana tare da sunan gwajin da na zo yi. Na ga wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta ja hijabinta ta sunkuyar da kai, na kuma tabbata ita ma abin da ya kawo ta ke nan. Lambar kati kaɗai ta isa a kira mutum da ita.

Kwana uku bayan haka, ranar Alhamis da la'asar, ina tsaye a kicin ina tuƙa tuwo, sai waya ta shigo. Muryar wata yarinya ce, mai ladabi kuwa, ta gaishe ni sannan ta ce, "Hajiya, likita ta ce ki dawo, an ga wani abu a hotonki." Gabana ya faɗi, na saki muciya a cikin tukunya. Na tambaye ta mene ne aka gani, ta ce, "Wallahi ban sani ba, Hajiya, ni dai an ce in kira ki." Na tambaye ta wane ɓangare ne, dama ko hagu, ta ce ba a rubuta mata ba. Da na ce zan taho a lokacin, sai ta ce likitar da ke karanta hotuna ba za ta dawo ba sai ranar Litinin.

Dare huɗu na yi a cikin wannan hali, kuma a nan ne nake ganin cibiyar ta gaza gazawa babba. Barci ya ƙaurace wa idona, in na kwanta sai in yi ta laluben ƙirjina dama da hagu ina neman abin da ban san inda yake ba, zuciyata tana ce mini ruwa ba ya tsami banza. Na tashi tsakar dare na duba 'yar autata tana barci, na yi ta lissafin shekarun da suka rage kafin ta gama sakandare. Maigidana ya yi iya ƙoƙarinsa wajen kwantar mini da hankali, amma shi ma ba shi da amsar da zai ba ni. Da labari ya kai wa gwaggota, washegari sai ga ta da ƙullin magani, tana cewa, "'Yar nan, kada ki koma musu, ai in ƙarfe ya taɓa abin nan bazuwa yake yi." Ta faɗi haka ne saboda ƙauna, kuma na san mata masu yawa da za su bi maganarta a irin wannan lokaci, domin wanda aka bari cikin duhu duk hannun da ya miƙo masa shi zai kama. Wannan camfi na cewa allura ko wuƙa ce ke yaɗa cutar ya hana mata da dama komawa asibiti, kuma kiran waya irin wanda aka yi mini yana ƙara masa ƙarfi ne kawai. A ƙasar da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata fiye da 30,000 sun kamu da sankarar mama a 2022, inda kuma mafi yawansu ba sa isa asibiti sai cutar ta yi nisa, bai kamata a yi sakaci da macen da ta kawo kanta da ƙafarta ba.

Ranar Litinin na isa tun kafin ƙarfe takwas, kuma abin da na tarar ya sha bamban da abin da wayar ta jefa ni a ciki. Likitar, mace ce mai natsuwa da ba ta gaggawar magana, ta zaunar da ni kafin a taɓa ni, ta buɗe hotunana a kwamfuta ta nuna mini wurare biyu a mamana na hagu. Ta ce kiran da aka yi mini ba ya nufin an gano cuta, yana nufin hoton farko bai ba ta cikakkiyar amsa ba. Ta bayyana mini cewa a Amurka, inda ake yin wannan gwaji sosai, kusan mace ɗaya cikin goma ake sake kira bayan mamogiram, kuma cikin waɗanda aka sake kiran, ƙasa da ɗaya cikin goma ne ake samu da sankara. Ta ƙara da cewa masu zuwan farko irina sun fi fuskantar kiran, saboda babu tsohon hoto da za a ajiye kusa da sabon a gani ko abin da ya bayyana daɗaɗɗe ne ko sabo. Da ta gama sai na ji idona ya cika da ƙwalla, rabi don sauƙin da na samu, rabi kuma don takaicin cewa waɗannan jimloli uku za su iya shiga cikin wayar ranar Alhamis ba tare da an kashe ko sisi ba.

An sake mayar da ni gaban na'urar, amma wannan karon da wani ƙaramin faranti da bai wuce faɗin bakin kofi ba, wanda ke danna daidai wurin da ake shakka a kansa. Ya fi na farko zafi, kuma ma'aikaciyar ta faɗa mini haka tun kafin ta fara. Wuri na farko ya ɓace gaba ɗaya a sabon hoton, domin ashe naman mama ne ya hau kan juna lokacin matsawar farko, ya yi inuwa mai kama da ƙullutu. Wuri na biyu kuwa yana nan, don haka aka wuce da ni ɗakin sikanin.

Na kwanta rigingine, hannuna na hagu a bayan kaina, aka lulluɓe ni da mayafi ban da inda za a duba. Likitar ta zuba ruwan nan mai yauƙi, ta fara zagayawa da kan na'urar a hankali, ɗakin ya yi tsit ban da ƙarar fanka. Sai ta tsaya, ta juyo da allon wajena ta ce, "Hajiya, duba nan." Na ga wani baƙin abu zagayayye, baƙi ƙirin, gefensa sumul kamar an zana shi da alƙalami, girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce, "Wannan jakar ruwa ce, ba tsiro ba ne. Kin ga cikinta babu komai, kin ga bayanta ya yi haske, haka ruwa yake fitowa. Mata masu shekarunki da yawa suna da ita, kuma in ba ta dame ki ba, babu abin da za mu yi mata." Na ce Alhamdulillahi ban san sau nawa ba, ita kuma ta jira ni har na natsu kafin ta ci gaba da duba hammatata. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a wannan ɗaki na ga hakan a aikace.

Kafin in tafi ta ɗauki lokaci ta karanta mini takardar sakamakon, abin da na yaba matuƙa. Akwai wani ma'auni da ake kira BI-RADS, wanda ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tsara, yana tafiya daga 0 zuwa 6. Takardata ta farko 0 aka rubuta mata, ma'ana ana buƙatar ƙarin hoto kafin a yanke hukunci. Lamba 1 na nufin ba a ga komai ba, 2 kuma an ga abu amma marar illa, wanda shi ne nawa na ƙarshe. Mai lamba 3 akan ce ta dawo bayan wata shida, domin yiwuwar cuta a wurinta ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, sai 4 da 5 da ake ɗibar ɗan nama da allura bayan an kashe zafin wurin, a kai ɗakin gwaje-gwaje, ita kuwa 6 ta wadda aka riga aka tabbatar mata da cutar ce. Ta kuma shaida mini cewa naman mamana mai kauri ne, rukuni na uku cikin huɗu, kuma irin wannan nama fari yake fitowa a hoto kamar yadda tsiro ma yake fitowa, shi ya sa sikanin yake da amfani ga irina. Duk da haka takardar da Turancin likitoci zalla aka rubuta ta, kuma ina tunanin macen da za ta karɓi irinta a ranar da likita ba ta nan.

Batun kuɗi ma yana buƙatar gyara. Rangwamen watan Oktoba bai shafi zuwa na biyu ba, ƙarin hoton da sikanin kowanne da kuɗinsa, kuma jimillarsu ta zarce abin da na biya da farko. Ban ga laifin biyan ba, domin aikin da aka yi mini ya cancanci kuɗinsa, amma ba a faɗa mini a waya ba, sai da na tsaya gaban mai karɓar kuɗi. Na yi sa'a akwai kuɗi a asusuna. Matar da ta taho daga Wudil ko Bichi da kuɗin mota kaɗai za ta koma gida ba a duba ta ba, kuma babu tabbas za ta sake dawowa.

A ɓangaren aiki, wato ingancin na'ura, tsabtar ɗakuna, sutura ga mace da ƙwarewar likita, ba ni da abin cewa sai yabo, kuma zan tura duk wata 'yar'uwa da ta kai shekara 40 ta je wurin. Zan dai gaya mata tun daga gida cewa in an kira ta ta dawo, ta nemi a faɗa mata lambar BI-RADS da ɓangaren da ake magana a kai da kuɗin da za ta riƙo, ta kuma koma ko da wa ya hana ta.

Da na fito daga wurin likita na nemi ganin shugabar ma'aikatan jinya, na zayyana mata yadda kwana huɗun suka kasance mini. Na roƙe ta a riƙa ba wa mai kiran waya rubutaccen bayani da Hausa, a daina kira ranar Alhamis in likita ba za ta samu ba sai Litinin, a kuma daina ambaton sunan gwaji a bainar jama'a. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Hajiya, kin yi gaskiya, ki yi haƙuri," ta rubuta abubuwan uku a littafinta a gabana. An ba ni hotunana duka a faifai tare da takardun biyu, likita ta ce in zo da su a gwaji na gaba domin a kwatanta, na ajiye su a jakar da nake adana takardun haihuwar yarana. Yayata ta amince za ta je a wata mai zuwa, kuma ni zan raka ta, in zauna a zauren jiran in ji yadda za a kira ta.