Ina za ka ajiye jirginka idan ruwa ya ja baya?

A Turai, masu ƙananan jiragen ruwa na iska suna fitar da su tudu a lokacin sanyi saboda ruwa kan daskare ya fasa jikin jirgi. Mu a Garwa, a arewacin Kamaru, ba ruwanmu da ƙanƙara. Daga Nuwamba kogin Binuwai yake ja da baya, iskar hunturu ta busar da komai, zuwa Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 40. Bushewa da rana da gara ne ke cin jirgi a nan. Saboda haka kafin ka kashe ko sefa ɗaya, fara duba da me aka ƙera naka.

In kwalekwalen katako ne, babu ma'ajin da ya kai ruwan kansa. Katako in ya bushe sai ya tsuke, haɗin allunan ya buɗe, kwaltar da aka liƙe da ita ta tsattsage, har ka iya leƙen ƙasa ta tsakanin allo da allo. Shi ya sa tsofaffin masunta ke cika kwalekwale da ruwa su nutsar da shi a bakin gaɓa, su danne da duwatsu. Abin da za ka saya kaɗan ne: sarƙa, kwaɗo mai kyau, sai ɗan abin da za ka riƙa ba mai gadin bakin ruwa. Amma wannan dabara sai inda ruwa ke zama duk shekara, kamar tafkin Lagdo da aka kammala madatsarsa a 1982, ko tafkin Maga, ko wurare masu zurfi na kogin Logon a garin Kusuri. Ko a can ma ruwa yana sauka, dole ka riƙa leƙawa kana matsar da jirgin ciki, in ba haka ba ka tarar da shi a kan busasshen laka. Ka kuma tambayi mutanen wurin ko hanyar dorina ce.

Wanda ba shi da irin wannan ruwa sai tudu. A nan ne mutane ke ɓarnar kuɗi. Su sayi tampol ɗin leda mai shuɗi don yana da araha, su naɗe jirgi tsaf a tsakiyar rana. Ledar nan ba ta jure rana, kafin damina ta zama tsumma, zafin da ta tara a ciki kuma ya gasa katakon. Tsohon tampol na babbar mota ya fi shi nesa ba kusa ba, ko da da faci, muddin ka ɗaga shi a kan sanduna iska na ratsawa. Rumfar zana ta fi duka sanyi da sauƙin kuɗi, sai dai hunturu lokacin gobara ne, a share ciyawar da ke kewaye. Rumfar kwano tana daɗewa, amma in ta yi ƙasa-ƙasa ta zama tanda. Ni dai da za a bi ta tawa, zana a sama, ko inuwar darbejiya, ya wadatar.

Ko wace rumfa ka zaɓa, kada katako ya taɓa ƙasa. A kife jirgin a kan tsofaffin tayoyi ko bulo, a shafa wa ƙasansa baƙin mai, a riƙa duba ko gara ta fara gina hanyarta ta jar ƙasa a jikin bulon. Yayyafa masa ruwa lokaci-lokaci yana rage tsagewa.

Jirgin faiba, wato na roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilas, akasin haka ne. Gara ba ta cin sa, bushewa ba ta dame shi ba, rana ce ke ƙona fentinsa ta sa jikin ya yi gautsi. Shi a wanke, a kife a inuwa, a tallafe shi ta wurare da dama don kada cikinsa ya lotsa. Ba shi da nauyi, ana iya ɗora shi a amalanke a kai gida, ka huta da kuɗin gadi.

Injin da kyallen da ke kama iska kuwa ba a barin su a bakin ruwa. Kyallen a shanya ya bushe sarai, a naɗe a rataye inda ɓera ba zai kai ba. Injin, ko Yamaha ne ko wani, a cire masa tiyon mai yana aiki a cikin ruwa har ya mutu da kansa, domin man da ya kwana a kafireto, balle na zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu da ake sayarwa a bakin titi, yana zama danƙo. A jingine shi a tsaye cikin ɗaki. In man giyarsa ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a kai wa makanike tun yanzu, kafin damina ta cika masa gareji.