Yellowstone: ɓauna ce ta fanshi kuɗina

Duk wanda ka ce wa za ka Yellowstone, babban gandun dajin nan na ƙasar Amurka, Old Faithful zai fara ambata maka, wato wata maɓuɓɓuga mai feso ruwan zafi sama. To na gan ta. Mun zauna a benci cikin ɗaruruwan mutane, kowa ya ɗaga waya, ruwan zafi ya yi tsiri sama na 'yan mintoci, aka tafa, aka watse. Kusan duk bayan minti 90 take yin haka, har allo aka kafa na hasashen lokacin. Ba laifi, amma ni dai ban ji abin da ake ta zuzutawa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai a Kwarin Hayden ya faru. Muna tafe sai motoci suka tsaya cak, na fara tsaki na ɗauka hatsari ne. Ashe garken ɓauna ne ya hau kwalta. Watan Agusta ne, lokacin barbararsu, mazan sai gurnani suke, kana jin sautin har cikin ƙirjinka ko da gilashi a rufe. Wani ƙato ya taho ta gefenmu, gashin wuyansa duk ƙura da busasshiyar ciyawa, ƙudaje na bin idonsa, numfashinsa na fita fus-fus. Ko kallo ba mu ishe shi ba. Ya wuce ya sami fili ya kwanta yana birgima, ƙura ta turnuƙe. Namijin kan kai kilo 900, kuma in ya zabura ba ɗan Adam ɗin da zai tsere masa. Matata, da ta yini tana mita kan warin farar wuta da ya kama mana kaya, sai ga ta tana ta Subhanallah. Mun fi awa a wurin, ban ji haushin ko minti ɗaya ba.

Haushin mutane ne suka ba ni. Doka ta ce ka bar yadi 25 tsakaninka da ɓauna, yadi 100 in beyar ne ko kyarkeci. Amma wani bawan Allah ya fito daga mota ya juya wa dabbar baya yana ɗaukar hoton kansa, sai da ma'aikaciyar gandun ta daka masa tsawa. Alhali ɓauna ta fi kowace dabba raunata baƙi a wurin.

Da a nan aka tsaya, taurari biyar zan bayar. Sai dai in na tuna Grand Prismatic, wani tafkin ruwan zafi mai launi-launi, raina na ɓaci. Mun sha zagaye kafin mu sami wurin ajiye mota, muka hau gadar katako, ga sanyin safiya, tururi ya rufe tafkin ruf. Shuɗin nan da ruwan lemon da ake gani a hoto, gefe-gefe kawai muka hango. Sai ka bi hanyar Fairy Falls ka hau tudu, rana ta take, sannan launin zai fito maka. Ga masaukin da muka kama a wajen gandun: kuɗi kamar me, ruwan wanka kuwa da ƙyar ya yi ɗumi, a ƙasar da ruwa ke tafasa da kansa! Kyarketan da aka dawo da su a 1995 kuwa ko wutsiya ban gani ba.

Taurari uku da rabi. Rabin ma na wancan ƙaton ne.